Sabon Gem Ko Tsohon Iri A Sabon Buhu?

Ƙarshen watan Satumba lokaci ne da kuɗi ke fara motsi a Dayi da ƙauyukan da ke kewaye da ita. Masara ta nuna an fara karya, motoci na bin hanyar Gwarzo zuwa Kano da ta Malumfashi zuwa Funtua maƙare da buhuna, matashin da ya sha ƙwadago tun daga shuka har zuwa maimai ya fara jin nauyin aljihunsa. A daidai wannan lokaci ne kuma kamfanin EA na Amurka ke sakin sabon gem ɗinsa na ƙwallo. FC 24 ya fito ranar 29 ga Satumba 2023, FC 25 ranar 27 ga Satumba 2024, FC 26 kuma ranar 26 ga Satumba 2025.

EA bai san da kakar Dayi ba. Abin da yake bi shi ne fara kakar wasannin Turai, da rufe kasuwar cinikin 'yan ƙwallo, da sayayyar ƙarshen shekara a ƙasashen masu kuɗi. Amma kafin mako ya zagayo bidiyoyin sabon gem ɗin sun cika TikTok da Facebook, sai a fara damun mai gidan gem da tambaya ɗaya: "Oga, yaushe za a sa mana na bana?" Wanda kuma wayarsa ce gidan gem ɗinsa, sai ya fara tunanin ko lokaci ya yi da zai sayar da ita ya ƙara kuɗi ya sayi wadda ta fi ta.

Kafin a taɓa kuɗin kaka, akwai tambayar da ta fi waccan muhimmanci: me aka canza tsakanin na bara da na bana? Amsarta ita ce za ta nuna cewa fitar da sabon gem duk shekara tsari ne da aka yi shi don littafin kuɗin kamfani, kuma matashin da ke zaune a wurin da dala ke da tsada, data ke da tsada, wuta ba ta tsayawa, shi ne ya fi kowa asara idan ya ce sai ya bi wannan kalanda sawu da ƙafa.

Kowa da kalandarsa

Idan aka jera shahararrun gem da suka daɗe ana yi, za a ga sun rabu gida uku wajen yawan fitowa.

Gida na farko su ne 'yan shekara-shekara. FIFA ya fara ne a 1993, kuma tun daga nan babu shekarar da ta wuce ba a fitar da sabo ba. Ko da EA ya rabu da hukumar FIFA bayan FIFA 23, suna kawai aka sauya zuwa FC, kalandar ba ta motsa ba. Call of Duty ya fara a 2003, daga 2005 kuma ya koma duk shekara.

Gida na biyu su ne masu jan lokaci. Mortal Kombat, wanda ba baƙo ba ne a gidajen gem na Arewa, ya fito a 2011, da 2015, da 2019, da 2023, wato shekara huɗu-huɗu. GTA kuwa labarinsa ya fi ban mamaki. A zamanin PS2 kamfanin Rockstar ya fitar da GTA III a 2001, Vice City a 2002, San Andreas a 2004: manyan gem uku cikin shekara huɗu. Daga nan GTA IV ya zo a 2008, GTA V a Satumbar 2013, sai shiru. An nuna tallan farko na GTA VI a Disambar 2023, aka ce zai fito a 2025, aka ɗage zuwa 26 ga Mayu 2026, aka sake ɗagewa zuwa 19 ga Nuwamba 2026. Yaron da aka haifa a shekarar da GTA V ya fito, yanzu yana ƙaramar sakandare.

Gida na uku su ne waɗanda matasan da ke wasa a waya suka fi sani: gem ɗin da ba shi da na biyu ko na uku, sai dai a riƙa sabunta shi. Free Fire yana nan tun 2017, PUBG Mobile tun 2018, Call of Duty Mobile tun 2019. Sunan bai canza ba, amma abin da ke cikinsa ya canza ba adadi.

Kowane gida yana da amfaninsa da illarsa, amma na farko ne ya fi buƙatar a zauna a duba shi da kyau.

Me ake iya canzawa cikin wata goma sha biyu?

Duk wanda ya taɓa rubuta manhaja, ko da ƙaramar manhajar lissafin shago ce, ya san akwai bambanci tsakanin gina manhajar da kuma zuba mata bayanai. Haka gem ɗin ƙwallo yake. Akwai injin gem, wato ɓangaren da ke lissafa yadda ƙwallo ke birgima, yadda ɗan wasa ke juyawa, yadda mai tsaron gida ke yanke shawarar fitowa ko tsayawa, da yadda haske ke sauka a fili. Akwai kuma rumbun bayanai, inda aka jera sunan kowane ɗan wasa, da ƙungiyarsa, da lambar rigarsa, da makin gudunsa da na ƙarfin bugunsa.

Lokacin da Victor Osimhen ya bar Napoli ya koma Galatasaray a 2024, ko Mbappé ya koma Real Madrid a wannan shekarar, abin da ake buƙata a gem shi ne gyara layi a rumbun bayanai da sauya hoton riga. Aiki ne, amma ba aikin da ya kai a kira shi sabon gem ba. Canza inji kuwa shekaru yake ci. Shi ya sa ba a yin sa sai jefi-jefi: FIFA ya koma injin Frostbite a FIFA 17, PES ya koma Fox Engine a PES 2014, sannan ya koma Unreal a 2021. Tsakanin irin waɗannan manyan sauye-sauye, abin da ake samu a yawancin shekaru shi ne sabon jerin 'yan wasa, da sabbin riguna, da sabon fasalin shafin farko, da 'yan gyare-gyare a saurin wasa da yadda 'yan baya ke tare hanya.

Kamfanonin da kansu sun sha amsa hakan. Daga FIFA 20 zuwa FIFA 23, abin da EA ya sayar wa masu na'urar Nintendo Switch ya sa masa suna Legacy Edition, kuma ya rubuta ƙarara cewa babu wani sabon abu a salon wasan, riguna da 'yan wasa kawai aka sabunta. A 2020 mai sharhin gem na shafin IGN ya mayar musu da martani ta hanyar kwafo sharhin da ya rubuta a kan na shekarar da ta gabata, ya manna shi a matsayin sharhin FIFA 21, ya ba shi maki 2 cikin 10. A wannan shekarar dai kamfanin Konami na Japan ya yi abin da ya fi kusa da gaskiya: ya kira nasa PES 2021 Season Update, ya ce sabuntawa ce kawai, ya kuma rage farashi.

Amma hujjar da ta fi ƙarfi tana cikin wayoyin matasa a Dayi da Malumfashi da Funtua. Kowa ya san "PES 2025" ko "eFootball 2026" da ake bugawa ta manhajar PPSSPP, ana tura wa juna ta Xender a majalisa ko a shagon caji. PPSSPP manhaja ce da ke kwaikwayon tsohuwar na'urar PSP, kuma PES na ƙarshe da Konami ya fitar wa PSP shi ne PES 2014. Ke nan duk wanda ke ɗauke da lambar shekara bayan wannan, tsohon gem ne da wasu masu basira suka yi wa kwaskwarima, suka sauya sunaye da riguna da fuskoki. Injin ya haura shekara goma, amma ana buga shi ana ihu, ana cin juna ana tsokana, babu wanda ya ce bai ji daɗi ba.

Ba a nan kaɗai ake haka ba. A Brazil akwai Bomba Patch, kwaskwarimar da aka gina a kan Winning Eleven na PS2, wadda ta samo asali daga wani gidan gem a jihar São Paulo, kuma har yau ana sabunta ta da zarar ɗan wasa ya sauya ƙungiya. Dole a faɗi gaskiya: irin waɗannan ba da izinin masu gem ɗin ake yin su ba, kuma shafukan da ake sauke su da yawa cike suke da tallace-tallacen yaudara da manhajojin da ke iya cutar da waya. Sai dai sun tona wani asiri. Abin da mai wasa ke nema duk shekara shi ne ya ga ɗan wasansa a ƙungiyar da yake a yanzu. Sauran abin da ake ɗora masa a farashi, ba shi ya nema ba.

Sauri ya haifi nawa

Idan kamfani ya ɗaure kansa da ranar fitarwa, aiki ya ƙare ko bai ƙare ba sai an fitar. Tarihin gem cike yake da sakamakon hakan.

Ubisoft ya riƙa fitar da Assassin's Creed duk shekara daga 2009 zuwa 2015. A 2014 Unity ya fito da kurakurai har da mutanen da fatar fuskarsu ke ɓacewa, ido da haƙora kawai suka rage. Kamfanin ya ba da haƙuri, ya raba wani ƙarin babi kyauta. A 2016 ya huta bai fitar da babban gem ba, sai a 2017 ya dawo da Origins, wanda labarinsa ke gudana a tsohuwar Masar, aka kuma yaba masa ƙwarai.

Masu son kokawa ba za su manta da WWE 2K20 ba, wanda ya fito a Oktobar 2019 cikin mummunan yanayi, har ta kai da aka shiga ranar 1 ga Janairu 2020 gem ɗin ya riƙa rufe kansa saboda wani kuskure da ya shafi kwanan wata. Aka soke 2K21 gaba ɗaya. Da 2K22 ya fito a Maris 2022 bayan hutun fiye da shekara biyu, sai ga shi ya gyaru.

Konami ma bai tsira ba. Da ya sauya inji ya fitar da eFootball 2022 a ƙarshen Satumbar 2021, fuskokin Messi da Ronaldo suka zama abin dariya a intanet, gem ɗin ya zama mafi ƙarancin maki a kasuwar Steam a lokacin. Kamfanin ya nemi afuwa, cikakken gem ɗin bai fito ba sai a Afrilun 2022. A Fabrairun 2025 kuma masu Football Manager suka soke na 25 bayan sun ɗage shi sau biyu, su ma a wajen sauya inji suka maƙale.

Ko Call of Duty da ake gani yana fita duk shekara, ba a shekara ɗaya ake yin sa ba. A 2014 aka fara tsarin karɓa-karɓa tsakanin ƙungiyoyin masu ƙira uku, Infinity Ward da Treyarch da Sledgehammer, domin kowace ta samu kamar shekara uku. Wato wanda ya fi kowa riƙo da kalandar shekara-shekara ya san wata goma sha biyu ba sa isa a yi sabon abu.

Manomi a wannan yanki bai buƙatar a yi masa dogon bayani a nan. Irin masarar SAMMAZ da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya ke fitarwa, sai an shafe shekaru ana gwada shi a gonaki kafin a ce ga sabon iri. Wanda ya zo duk damina yana cewa ya kawo sabon iri, a binciki buhunsa da kyau.

To me ya sa ba sa dainawa?

Saboda kuɗin ba a faifan kaɗai yake ba. A cikin FIFA da FC akwai sashen da ake kira Ultimate Team, wanda aka fara tun FIFA 09. Mai wasa yana haɗa ƙungiyarsa ne da katunan 'yan wasa, kuma hanya mafi sauri ta samun manyan katuna ita ce sayen ƙunshin da ba a san abin da ke ciki ba sai an buɗe. A shekarar kuɗi da ta ƙare a Maris 2021, EA ya bayyana cewa wannan sashe, idan aka haɗa na duk wasanninsa na motsa jiki, ya kawo masa dala biliyan 1.62, kashi 29 cikin ɗari na duk abin da ya samu.

Ga inda kalandar ta shigo: katunan ba sa bin mai su zuwa sabon gem. Duk ƙungiyar da mutum ya shekara yana ginawa, da kuɗi ko da lokaci, tana nan a na bara. Da na bana ya fito kowa zai koma farko. Idan da EA zai tsaya a kan gem ɗaya na shekara huɗu, da sai ya nemo wata dabarar da zai sa mutane su sake sayen abin da suka riga suka saya. Sabuwar lamba a bango ita ce dabarar.

Biyan kuɗi a kan abin da sa'a ce ke yanke shi ba sai an yi wa Bahaushe tafsirinsa ba. Hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ayyana irin wannan ƙunshi a matsayin caca a 2018, kuma a farkon 2019 EA ya daina sayar da makin sayen katunan a ƙasar. Irin wannan tsari yana nan a gem ɗin waya da yawa, inda ake juya wani abu ko a buɗe akwati da lu'ulu'un da aka saya da kuɗi na gaske.

Lissafin mai gidan gem

Farashin sabon babban gem a Amurka dala 70 ne. A canjin da aka yi ta gani a 2025, wajen naira 1,500 kowace dala, hakan ya kai kusan naira 105,000. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a Najeriya a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Ma'aikaci a Amurka ko Ingila zai iya biyan wannan da aikin ƙasa da yini guda. A nan kuwa albashin wata bai kai ba.

A ce mai gidan gem yana karɓar naira 200 a kowane wasa. Sai an buga wasa 525 kafin kuɗin faifan kaɗai ya fito, ba a sa man janareta ba, wanda farashinsa ya yi tashin gwauron zabo tun da aka cire tallafi a Mayun 2023, ba a sa gyaran na'ura da hayar shago ba. Ga kuma sabuntawar da sabon gem ke nema tun ranar farko, mai cin gigabait masu yawa, alhali a Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari.

Akwai kuma ranar da na'urar kanta za a bar ta a baya. FIFA 14 ne na ƙarshe a PS2, FIFA 19 na ƙarshe a PS3. Duk mai riƙe da PS4 ya san tasa ranar na zuwa. Don haka mai gidan gem da ya tsaya a kan tsohon PES ko FIFA, yana neman wanda zai sabunta masa 'yan wasa, bai kamata a kira shi ɗan ƙauye ba. Lissafi ya yi, kuma lissafinsa daidai ne.

Jinkiri ma ba waliyyi ba ne

Masu goyon bayan fitowar shekara-shekara suna da hujjojinsu, kuma ba na banza ba ne. Ƙwallo kaka-kaka ake yin ta, don haka gem ɗinta ma yana da dalilin bin kaka. Komawar kowa farko yana ba sabon shiga damar karawa da tsofaffin hannu. Ƙananan gyare-gyaren da ake rainawa kuma, idan suka taru na shekara biyar, sai a ga bambanci na gaske: wanda ya tsallaka daga FIFA 19 zuwa FC 24 zai ji a hannunsa. Sai dai wannan hujja ta ƙarshe, in aka duba, goyon bayan tsallake shekaru take yi, domin wanda ya sayi duka biyar ɗin da wanda ya sayi na ƙarshe kaɗai wuri ɗaya suka iso.

Haka nan daɗewa ba ta tabbatar da inganci. An sanar da Cyberpunk 2077 tun 2012, bai fito ba sai Disambar 2020, kuma ya fito da matsalolin da suka sa Sony ya cire shi daga kasuwarsa na tsawon watanni. Shirun GTA ma ba tsantsar son inganci ba ne. GTA V ya kawo dala biliyan ɗaya cikin kwana uku da fitowarsa, an sayar da fiye da kwafi miliyan 200, an sake sayar da shi a PS4 a 2014 da PS5 a 2022, ga GTA Online na ta shigo da kuɗi ba dare ba rana. Wanda saniyarsa ke ba da nono haka ba zai yi gaggawar neman wata ba. Gaskiya ne gem na yanzu sun fi na zamanin San Andreas girma da tsada nesa ba kusa ba, amma shekara goma sha uku ta wuce a ce girman aiki ne kaɗai.

Tsakanin shekara ɗaya da shekara goma sha uku akwai fili mai faɗi. Shekara uku zuwa huɗu, irin ta Mortal Kombat, ta isa a yi sabon abu, kuma ba ta kai a manta da mutum ba.

Gudun gara, gidan zago

Mai wasa a waya zai iya cewa shi wannan rigima ba ta shafe shi ba, tunda Free Fire da eFootball da Call of Duty Mobile kyauta ake sauke su, babu faifan da za a saya. A wani ɓangaren yana da gaskiya, domin tsarin sabunta gem ɗaya ya fi kusa da abin da ya dace. Amma shi ma da nasa tarkon.

A tsohon tsari, wanda ba shi da kuɗin na bana zai ci gaba da buga na bara. A sabon tsari babu na bara. Idan sabuntawa ta zo, dole ce: ko a sauke ta ko gem ya ƙi buɗewa. Kowace sabuntawa tana ƙara nauyi, tana cin data, tana cin ma'adanar waya. Tecno ko itel ko Infinix mai RAM 2 ko 3 da ma'adanar gigabait 32, wadda ta ɗauki gem ɗin lafiya lau shekara biyu da suka wuce, yau tana zafi tana sarƙewa, gobe a ce ba ta cikin wayoyin da gem ɗin ke karɓa. Wayar ba ta lalace ba, gem ɗin ne ya tafi ya bar ta. Garena ya yi abin a yaba da ya ware Free Fire Max a 2021 don manyan wayoyi ya bar na asali ga ƙanana, amma ba kowane kamfani ke da wannan tunani ba.

Abu na biyu ya fi wannan ciwo. Gem ɗin da ba ya tashi sai ya haɗu da uwar garken kamfani, ranar da aka kashe uwar garken ya mutu, tare da duk abin da aka saya a cikinsa. Apex Legends Mobile ya fito a Mayun 2022, ya ci kyautar gem ɗin shekara a Google Play, aka rufe shi ranar 1 ga Mayu 2023. Warzone Mobile ya fito a Maris 2024, aka cire shi daga kasuwa a Mayun 2025. Da Ubisoft ya kashe gem ɗin tseren mota The Crew a ƙarshen Maris 2024, har waɗanda suka saye shi da kuɗinsu suka rasa shi, abin ya haifar da gangamin Stop Killing Games, wanda ya tara sa hannun mutum fiye da miliyan ɗaya a Tarayyar Turai a 2025.

A gefe guda kuma, Dream League Soccer 2019 da San Andreas har yanzu suna cikin wayoyi da yawa, saboda ba su dogara da data ko netwok mai ƙarfi ba. A garin da sabis ke zuwa yana ɗaukewa, wannan ba ƙaramar daraja ba ce. Da tsohuwar zuma ake magani.

Abin da ya dace

Ga kamfanoni, hanyar a bayyane take, kuma Konami ya taɓa nuna ta a 2020: a fitar da sabon gem idan akwai sabon inji ko sabon salon wasa, a tsakani kuma a sayar da sabunta 'yan wasa da riguna a farashin da ya yi daidai da aikin. A bar tsohon yana aiki ba tare da intanet ba, a kuma bar ƙaramin zubi ga ƙananan wayoyi. Ba za su yi haka don tausayi ba. Za su yi ne ranar da masu saye suka fara tsallake shekaru, kamar yadda ƙorafi da raguwar ciniki suka tilasta wa Ubisoft da masu WWE hutawa.

Ga mai wasa, tambayoyi huɗu sun isa kafin a saki kuɗi ko data. Shin salon wasan ne ya canza, ko sunaye da riguna? Shin wayar ko na'urar da ke hannu za ta ɗauke shi ba tare da wahala ba? Shin zai buɗe idan babu netwok? Shin abin da aka saya a ciki zai kai baɗi? Yana da kyau kuma a jira mako biyu ko uku bayan fitowa, a kalli bidiyon waɗanda suka buga shi da hannunsu a irin wayar da mutum ke riƙe da ita, a bar tallan kamfani. Wanda ya ƙara haƙuri zuwa ƙarshen shekara ma yakan tarar an karya farashi. Sayar da waya mai lafiya saboda gem ɗaya, ko narka kuɗin da aka tanada don takin baɗi ko kuɗin makaranta a kan katunan da za su mutu a Satumba mai zuwa, ciniki ne da ba shi da riba ta kowace fuska.

Ga matasan da ke koyon rubuta manhaja a Katsina da Kano da Zariya kuma, akwai darasi na musamman. Fiye da shekara talatin ke nan ana fitar da FIFA da FC, amma gasar ƙwallon Najeriya ba ta ciki, babu Kano Pillars babu Katsina United. Babu alamar wani a Amurka ko Japan zai zauna ya ƙera gem ɗin dambe ko langa ko dara da zai tashi a ƙaramar waya ba tare da data ba. Wanda ya iya buɗe tsohon PES ya sauya masa 'yan wasa ya riga ya fahimci rabin darasin, wato raba inji da bayanai. Saura ya gina nasa injin, ƙarami mara nauyi, yadda sabunta shi ba zai ci fiye da 'yan megabait ba. Ba ya buƙatar ya fitar da sabo duk shekara. Yana buƙatar ya fitar da ɗaya da zai yi aiki a wayar da mutanensa ke riƙe da ita.

Satumba mai zuwa masara za ta sake nuna, wani FC ɗin zai sake fitowa da sabuwar lamba da sabon ɗan wasa a bango, za a sake tambayar mai gidan gem yaushe zai sa na bana. A kasuwar Dayi babu mai biyan kuɗin buhu bai zura hannu ya ga ƙwayar da ke ciki ba. Gem ɗin naira dubu ɗari bai fi ƙarfin a yi masa haka ba.